ƘAURACE WA SHAGO SABODA AƘIDAR MAI SHI: SUNNAR MANZO KO TAKARDAR ƘURAISHAWA?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisun samari, a ƙofofin masallatai da teburan masu shayi, yanzu kuma ta samu sabon doki, wato wayar hannu. Sai a wayi gari an turo saƙo: kada a ƙara sayen burodin gidan wane, ɗan ɗariƙa ne, kada a sha mai a gidan man wane, ɗan Izala ne, kada a shiga kantin wane, ɗan Shi'a ne, wancan kuwa ba ma Musulmi ba ne, duk kwabon da aka ba shi coci zai kai. A ƙarshen saƙon kuma a haɗa mutum da girman Allah ya tura wa wasu mutum goma. Ba a faɗi abin da mai shagon ya aikata ba. Ba a ce ya tauye mudu ba, ba a ce ya sayar da jabu ba, ba a ce ya danne haƙƙin yaransa ba. Laifinsa guda ne tak, shi ne abin da ya ƙudurce a zuciyarsa.

Saurayin da ya tura wannan saƙo yakan kwanta yana jin ya yi wa addini aiki. Babu wanda ke shakkar kishinsa, domin kuwa kishin ne ma ya sa aka zaɓe shi aka turo masa. Amma kishi ba hujja ba ne. Abin tambaya shi ne: shin Musulunci ya ce a auna ɗan kasuwa da aƙidarsa ne, ko da aikin hannunsa? Amsar da za a kare a wannan fili ita ce, da aikin hannunsa ake auna shi. Ƙaurace wa azzalumi saboda zaluncinsa makami ne na halal. Ƙaurace wa mutum don kawai abin da ya yi imani da shi kuwa, makamin Abu Jahil ne, kuma shi ne ake saran Musulmi da shi a inda duk suke marasa rinjaye.

ABIN DA YA FARU A AMURKA

Ba Hausawa ne suka fara wannan gardama ba. An yi ta a bainar jama'a a Amurka a 2012, kuma ya kamata mai karatu ya san yadda ta kaya, tunda an ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Akwai wani kamfani a can mai suna Chick-fil-A, wanda sana'arsa ita ce sayar da soyayyen naman kaza cikin burodi. Wani Kirista ɗan cocin Baptis mai suna Truett Cathy ne ya kafa shi. Ya fara da ɗan ƙaramin gidan abinci a 1946 a jihar Jojiya, sannan ya buɗe reshen farko mai wannan suna a birnin Atlanta a 1967. Mutumin ya riƙe addininsa har cikin kasuwanci, domin kuwa ba a buɗe shagunansa ranar Lahadi, duk da irin cinikin da ake yi a wannan rana. Kamfanin ya bunƙasa har rassansa suka haura 3,000.

A tsakiyar 2012 sai ɗansa, Dan Cathy, wanda ke shugabancin kamfanin a lokacin, ya faɗa a wasu hirarraki cewa shi a wurinsa aure tsakanin namiji da mace ne, kamar yadda littafinsu ya karantar. Musulmin da ya ji wannan ba zai ga abin mamaki ba, domin abin da addininsa ya karantar da shi ke nan. Amma a Amurka sai ƙasa ta ɗauki zafi. Masu goyon bayan auren jinsi suka yi kiran a ƙaurace wa kamfanin, suna cewa ba maganar bakin ce kawai ta dame su ba, har da miliyoyin dalolin da gidauniyar iyalin ta bai wa ƙungiyoyin da ke adawa da su. Magajin garin Boston, Thomas Menino, ya rubuta wa kamfanin takarda cewa ba a maraba da shi a birninsa. Na Chicago, Rahm Emanuel, da na San Francisco su ma suka bi sahu, wani kansila a Chicago kuma ya ce zai hana a ba kamfanin izinin buɗe reshe a unguwarsa.

A nan ne hankalin wasu ya dawo jikinsu. Magajin garin New York na lokacin, Michael Bloomberg, wanda shi kansa mai goyon bayan auren jinsi ne, ya fito ya ce ba aikin hukuma ba ne ta binciki imanin mutum kafin ta ba shi lasisi. Ya hango abin da sauran ba su hango ba, wato idan yau aka hana wannan lasisi saboda ra'ayinsa, gobe wani mai mulkin zai hana wancan saboda nasa. Daga bisani Menino da kansa ya amsa cewa ba shi da ikon hana kamfanin.

Su kuma Kiristoci masu ra'ayin riƙau suka mayar da martani. Tsohon gwamnan jihar Arkansas, Mike Huckabee, ya yi kiran a fito a saya ranar 1 ga Agusta, 2012. Jama'a suka yi dogayen layuka, kamfanin ya ce bai taɓa ciniki irin na wannan rana ba. Shekarar ta ƙare cinikinsa ya ƙaru, bai ragu ba. Amma labarin bai tsaya nan ba. A watan Nuwamba 2019 kamfanin ya ba da sanarwar sauya tsarin tallafinsa, ya daina bai wa wasu ƙungiyoyin Kirista biyu da ake ta ƙorafi a kansu. Sai ga Huckabee ɗin nan da ya tara masa jama'a yana zarginsa da cin amanar masu sayensa. Waɗanda suka yi layi jiya don addini, su ne masu tsinuwa yau.

Akwai kuma wani ɓangare na labarin da ya fi shafar Musulmi. Tun a 2002 wani Musulmi da ya yi aiki a reshen kamfanin a birnin Houston ya kai ƙara kotu, yana zargin an kore shi ne kwana ɗaya bayan ya ƙi shiga addu'ar Kirista a wani taron horar da ma'aikata. An sasanta maganar a wajen kotu. To, ga kamfani guda: mai shi ya faɗi maganar da Musulmi zai yarda da ita a kan aure, sannan ga zargin an zalunci Musulmi a cikinsa saboda addininsa. Wanda ya ce aƙidar mai kamfani ce ma'auni, yaya zai yi da wannan? Ya saya ne, ko ya ƙaurace? Wanda ya riƙi aiki a matsayin ma'auni kuwa bai da ruɗani. Maganar aure ra'ayin mai shi ce, ba ta ƙara wa kazarsa daɗi, ba ta rage mata. Korar ma'aikaci saboda addininsa kuwa, in ta tabbata, zalunci ne, kuma a kan irinsa ne ake tsayawa.

MAKAMIN DA AKE SARAN MUSULMI DA SHI

A Amurka abin ya tsaya ne a kan layin sayen kaza da cacar baki a jaridu. A wasu ƙasashen kuwa da jini ake biya, kuma jinin na Musulmi ne.

A ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar, wata ƙungiya ta malaman addinin Buda da ake kira 969, wadda wani mai suna Wirathu ya yi fice a cikinta, ta riƙa raba takardun liƙawa a 2012 da 2013 don a manna a shagunan mabiya Buda, a gane su, a daina sayayya a wurin Musulmi. Hujjarsu ita ce wai kuɗin da aka kai shagon Musulmi da shi za a yaƙi addininsu. A watan Maris 2013 wata 'yar gardama a shagon zinare na wani Musulmi a garin Meiktila ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka kashe fiye da mutum 40, aka ƙone unguwannin Musulmi.

A Indiya, a jihar Karnataka, an hana 'yan kasuwa Musulmi kafa rumfuna a bukukuwan wuraren bautar Hindu da dama a 2022. A watan Yuli 2024 kuma 'yan sanda a gundumar Muzaffarnagar ta jihar Uttar Pradesh suka ba da umurni cewa duk mai sayar da abinci a hanyar da masu ziyarar ibadar Hindu ke bi ya rubuta sunansa a ƙofar shago. Kowa ya san manufar, wato a gane Musulmi a wuce shi. Ranar 22 ga wannan wata Kotun Ƙolin Indiya ta dakatar da umurnin, ta ce abin da za a iya nema a bayyana shi ne irin abincin da ake sayarwa, ba sunan mai sayarwa ba.

Duk saurayin da ya ji waɗannan labarai ransa zai ɓaci, kuma ya cancanci ya ɓaci. Amma sai ya ɗauko saƙon da ya tura jiya ya ajiye kusa da takardar 969, ya duba ko akwai bambanci. Hujja ɗaya ce, lafazi ɗaya ne, suna kawai aka sauya. Wanda ya halatta wa kansa wannan makami a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, inda yake da rinjaye, da wane baki zai la'anci wanda ya ɗauke shi a inda Musulmi suke 'yan tsiraru?

Ba sai an je Indiya ba ma. Bahaushe ɗan kasuwa ne da ya bazu a duniya. Tun ƙarnonin baya fatake ke kai kanwa da tufafi ƙasar Gwanja su sayo goro, suna ciniki da Asantawa waɗanda ba Musulmi ba. Mai suya a Legas, mai shanu a Inugu, mai albasa a Fatakwal, mai shago a zangon Kumasi, wa ke sayen kayansu? Mafi yawa ba masu salla ba ne. Ranar da aka mayar da ƙa'idar ciniki ta zama “sai ɗan aƙidata”, waɗannan bayin Allah ne za su fara kwana da yunwa. Shi ya sa aka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

TAKARDAR DA AKA RATAYE A ƊAKIN KA'ABA

Duk ɗan Islamiyya ya karanta wannan a darasin Sira. A shekara ta 7 bayan aiko Manzon Allah (SAW), da Ƙuraishawa suka ga duka da azabtarwa ba su hana mutane karɓar Musulunci ba, sai suka koma ga ciki. Suka rubuta yarjejeniya cewa ba za a sayar wa Banu Hashim da Banu Muɗɗalib komai ba, ba za a saya daga gare su ba, ba za a yi auratayya da su ba, har sai sun miƙa Manzo (SAW). Suka rataye takardar a cikin Ka'aba domin su ba ta rigar addini. Aka tsare mutane a kwarin Abu Ɗalib kimanin shekara 3, har suka ci ganyen itatuwa, ana jin kukan yara daga bayan kwarin. Idan ayari ya shigo Makka, Abu Lahab ya bi 'yan kasuwa yana zuga su su tsawwala farashi don kada Musulmi su iya saye. Da Hakim ɗan Hizam ya ɗauko alkama zai kai wa gwaggonsa Nana Khadija (RA), Abu Jahil ne ya tare shi a hanya.

Me waɗannan mutane suka yi? Ba su tauye awo ba, ba su ci bashin kowa sun hana ba. Aƙida ce laifinsu. Takunkumin kuma bai tsaya kan masu aƙidar ba, ya haɗa da danginsu da ba su musulunta ba, da mata, da jarirai. Haka wannan makami yake a kowane zamani, ba ya tantancewa. Waɗanda suka tashi suka yaga zaluncin kuwa, irin su Hisham ɗan Amru da Zuhair ɗan Abu Umayya da Muɗ'im ɗan Adiyyu, a lokacin ba Musulmi ba ne, mutunci ne kawai ya hana su ci su ƙoshi alhali maƙwabtansu na mutuwa da yunwa. Da aka je ga takardar sai aka tarar gara ta cinye ta, ba ta bar komai ba sai sunan Allah.

Wannan shi ne ƙaurace wa ciniki saboda aƙida na farko a tarihin Musulunci. Musulmi ne aka yi wa, ba su suka yi ba. Abin kunya ne jikokin waɗanda aka tsare a kwari su wayi gari suna kwafar takardar waɗanda suka tsare su.

YADDA MANZO (SAW) YA YI CINIKI

Da a ce aƙidar mutum na haramta ciniki da shi, da Manzon Allah (SAW) ne farkon wanda zai nuna haka. To me aka gani? A daren hijira, a lokacin da ake farautar ransa, wanda aka ɗauka haya ya nuna hanya shi ne Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, yana kan addinin mutanensa, saboda ya san hanya kuma yana da amana. Aka bar Sayyidina Ali (RA) a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali masu ajiyar ba su yi imani ba. Bayan an ci Khaibara a shekara ta 7 bayan hijira, Yahudawan garin aka bar wa gonakin su noma a raba amfanin biyu. Da aka aiki Abdullahi ɗan Rawaha (RA) ya ƙiyasta dabinon, suka nemi ba shi toshiya, sai ya ƙi, ya kuma shaida masu cewa ƙin da yake yi masu ba zai sa ya tauye su ko kaɗan ba. Imam Bukhari ya ƙulla babi guda a kan saye da sayarwa da mushirikai, ya kawo yadda Manzo (SAW) ya sayi akuya a hannun wani mushiriki a kan hanyar tafiya. Sannan ga abin da ya rufe ƙofar gardama: Manzon Allah (SAW) ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude, a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. A Madina akwai attajiran Sahabbai irin su Usman ɗan Affan da Abdurrahman ɗan Aufu (RA), waɗanda da sun ji da gudu za su kawo. Malamai sun ce daga cikin hikimar hakan akwai nuna wa al'umma halaccin wannan mu'amala.

Alƙur'ani kuma ya riga ya ja layin a aya ta 8 da ta 9 cikin Suratul Mumtahana. Ya raba waɗanda ba Musulmi ba gida biyu, ba bisa abin da suka yi imani da shi ba, sai bisa abin da suka aikata: waɗanda suka yaƙi Musulmi suka kore su daga gidajensu, da waɗanda ba su yi haka ba. Na biyun ba a hana kyautata masu da yi masu adalci ba. To idan wannan ne hukuncin wanda bai yi kalmar shahada ba, ina ga wanda ke fuskantar alƙibla sau biyar a yini, saɓaninsa da mai ƙaurace masa bai wuce ƙabalu da sadalu ko zuwa maulidi ba?

HUJJOJIN MASU KIRA

Masu wannan kira ba su rasa abin faɗa ba, kuma adalci ne a saurare su.

Suna kafa hujja da Sumamatu ɗan Usal (RA), shugaban Banu Hanifa, wanda bayan ya musulunta ya hana a kai alkamar Yamama zuwa Makka. Gaskiya ne an yi haka. Amma su waye mutanen Makka a lokacin? Mutane ne da suka kori Musulmi, suka ƙwace dukiyarsu, suka ɗauro masu yaƙi. Sumamatu kuma ya rataya al'amarin ne a kan izinin Manzo (SAW), bai mai da kansa hukuma ba. Da yunwa ta ci Ƙuraishawa suka rubuto suna roƙo da zumunta, sai Manzo (SAW) ya aika masa ya sakar masu abinci. Mutanen da suka tsare shi shekara 3 ke nan. Wanda zai karanta ƙissar Sumamatu, ya karanta ta har ƙarshe.

Suna kafa hujja da Ka'abu ɗan Malik (RA) da abokansa biyu, waɗanda aka ƙaurace wa kwana 50 bayan yaƙin Tabuka. Wannan ma aiki aka hukunta, wato ƙin fita yaƙi ba da uzuri ba. Shugaban al'umma ne ya ba da umurnin, mutanen sanannu ne, laifin tabbatacce ne da bakinsu, kuma abin yana da ranar ƙarewa. A cikin waɗannan sharuɗɗa huɗu, wanne ne saƙon da ba a san ma wanda ya rubuta shi ba ya cika?

Suna cewa ribar da mai shagon ya samu da ita zai gina masallacinsu ko cocinsu. To Bayahuden da aka jinginar wa sulke fa, ina yake kai tasa ribar? Mai saye ya ba da kuɗi ya karɓi kaya, ciniki ya ƙare, abin da mai kuɗi ya yi da kuɗinsa shi za a tambaya. Inda hukunci ke sauyawa shi ne idan ya tabbata cewa kamfani na zuba dukiyarsa a cikin zubar da jini ko korar mutane daga gidajensu. Shi ya sa ba daidai ba ne a haɗa wannan magana da ta Falasɗinu. Lokacin da jama'a a ƙasashen Musulmi suka juya wa McDonald's baya daga watan Oktoba 2023, ba addinin masu hannun jarinsa aka bincika ba. Abin da ya tayar da hankali shi ne mai riƙe da rassansa a Isra'ila ya ba da sanarwar raba wa sojoji abinci kyauta ana tsakiyar ruwan bama-bamai a Gaza. Aiki ne bayyananne, kuma matsin ya yi tasiri, domin a 2024 uwar kamfanin ta ba da sanarwar saye rassan nan 225 daga hannunsa. Haka baƙaƙen fatar birnin Montgomery na Amurka suka yi kwana 381 ba su shiga motocin haya na birnin ba, daga Disamba 1955, ba don cocin da masu motocin ke zuwa ba, sai don ana tilasta masu zama a baya. Da aka kawar da dokar suka koma shiga. Ƙauracewar gaskiya tana da laifin da ta ambata, da buƙatar da ta gabatar, da ranar da za ta ƙare. Wadda aka gina a kan aƙida kuwa ba ta da ƙarshe, sai dai in mutum ya bar abin da ya yi imani da shi don a sayi burodinsa. Wanda ya yi haka kuwa ba shiriya ya samu ba, munafunci aka koya masa.

GEMU BA SIKELI BA NE

Kuskuren yana da fuska ta biyu, wadda ba a cika son a taɓo ba. Wanda ya yarda a ƙaurace wa mutum don aƙidarsa, ya yarda ke nan a rufa wa wani asiri don tasa. Sai a ga Alhaji ya ɓoye hatsi a sito yana jiran farashi ya hau, ya buge gindin mudu, ya haɗa tsohuwar shinkafa da sabuwa ya sake buhu, yaron shagonsa ya yi shekara bakwai yana bauta ba a sallame shi ba, amma da yake shi ne ya sayi lasifikar masallaci kuma yana zama sahun gaba a wurin wa'azi, babu mai cewa uffan. “Namu ne.” Wannan kalma ta “namu ne” ta cinye haƙƙin talakawa fiye da yadda ake zato.

Alhali kuwa mutanen Annabi Shu'aibu (AS) an haɗa masu kiran tauhidi ne da kiran cika mudu da sikeli. Sura guda aka saukar da sunan masu tauye awo, ba ta kuma ware ɗan wata ƙungiya ba. Da Manzo (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwar Madina ya ji danshi a ƙasa, mai abincin Musulmi ne, amma bai ce a rufa masa asiri ba, a take ya yi masa gargaɗi mai tsanani a kan algus. Ashe ke nan wanda ya cancanci a juya wa baya shi ne mai algus, ko da gemunsa ya kai cibiya, wanda ya cancanci a saya a wurinsa kuma shi ne mai gaskiya, ko da ba a haɗa sahu da shi.

WA KE CIN RIBAR?

Ya kamata saurayi ya tsaya ya tambayi kansa: wa ya fara rubuta saƙon nan? Sau da yawa idan aka bi diddigi, ba malami za a tarar ba, abokin hamayyar kasuwa za a tarar, wanda ya kasa gasa da kyawun kaya da sauƙin farashi, sai ya ari bakin addini ya ci albasa. Idan gidan burodin ya rufe, mai shi yana da jarin da zai koma wata sana'ar. Waɗanda za su shiga uku su ne masu kwaɓa fulawa, da masu gashi, da direbobi, da 'yan talla, da mai shayin da ke karɓa bashi ya biya da yamma, kuma mafi yawansu samari ne irin mai tura saƙon, wataƙila ma sahu ɗaya suke salla. Kuma abin da ya faro da “kada a saya” ba ya daɗewa yake komawa “a fasa”, sannan “a ƙone”. Garuruwan Arewa sun sha ganin yadda shaguna ke zama abin farko da ake cinna wa wuta idan rikici ya tashi, ba sa buƙatar a ba su labari.

Wannan ba yana nufin an hana mutum ya fifita ɗan uwansa ba. Kuɗinsa ne, ya kai inda ya ga dama, kuma wanda ya tsallake shaguna uku don ya taimaki ɗan uwa mai ƙaramin jari yana da ladan niyyarsa. Bambanci ne babba tsakanin “zan saya a wurin wane don in ɗaga shi” da “kada kowa ya saya a wurin wane don ya durƙushe”. Da Manzon Allah (SAW) ya iso Madina ya tarar kasuwar Banu Ƙainuƙa'a ce ke ci, bai rubuta takardar hana shigarta ba, har Abdurrahman ɗan Aufu (RA) a can ya fara neman jarinsa. Abin da Manzo (SAW) ya yi shi ne ya kafa wa Musulmi tasu kasuwar, ya hana a ɗora mata haraji. Da ruwa ya yi tsada, Usman (RA) sayen rijiyar Ruma ya yi, ya mayar da ita waƙafi. Wannan ita ce sunnar: a gina, a yi gaskiya, a fi abokin hamayya amana har masu saye su zo da ƙafarsu.

Saboda haka duk ɗan uwan da irin wannan saƙo ya iso wa, kafin yatsansa ya taɓa wurin turawa, ya nemi amsar tambayoyi huɗu. Me mutumin ya aikata, ba me ya ƙudurce ba? Wa ya tabbatar, kuma da wace shaida? Me ake so ya gyara don a koma saye a wurinsa? Su waye za su rasa abincinsu idan shagon ya rufe? Idan kayansa haram ne, ko algus yake yi, ko yana danne haƙƙin ma'aikata, ko dukiyarsa na tallafa wa masu zubar da jinin bayin Allah, to a fito fili a faɗa, da suna da hujja, a kuma ƙaurace masa har ya daina. Idan kuwa amsar ba ta wuce “ai ɗan kaza ne” ba, to ya goge saƙon, ya kuma yi wa wanda ya turo masa nasiha. Hisabin zukata na Allah ne, Shi kaɗai. Abin da aka ɗora wa mai saye ya duba shi ne mudu da sikeli.

Allah Ya nuna wa al'umma gaskiya Ya ba ta ikon bin ta, Ya tsare matasanta daga zama karnukan farautar wasu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.